Karen Pug da aka bar mini amana yana minshari ko da idonsa biyu: lafiyarsa ƙalau kuwa?

Baban Hanifa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin karnuka, musamman likitocin dabbobi, a kan wata amana da ta faɗo hannuna ba tare da na shirya mata ba. Shekara bakwai na yi ina tuƙa wani Bature da ke aiki a Abuja, kuma yana da wani ɗan ƙaramin kare mai shafaffiyar fuska da manyan idanu da wutsiya a nannaɗe, irin wanda ake kira Pug. Da aikinsa ya ƙare a watan Janairu ya yi niyyar tafiya da shi, sai kamfanin jirgin ya ce ba ya ɗaukar masu gajeren hanci a ɗakin kaya, shi kuma karen ya wuce nauyin da ake yarda a shiga da shi wurin fasinjoji. Ganin cewa ni ne mai kai shi asibiti tun yana kwikwiyo, kuma ya saba da ni, sai maigidan ya roƙe ni in riƙe shi, yana aiko da kuɗin abinci da na magani duk wata.

Namiji ne, shekararsa 4, jikinsa ruwan ƙasa mai haske, fuskar baƙa, kuma da na ɗora shi a sikeli makon jiya kilo 11 ya yi. A gidan maigidan cikin sanyin na'ura yake kwana yake tashi, a wurina kuwa ciki da falo ne a Kubwa, rufin kwano, fanka ɗaya, wuta kuma sai yadda hali ya yi. Na keɓe masa wuri a baranda, yara kuma sun ɗauke shi abokin wasa, duk abin da suke ci sai sun sam masa.

Abin da ya dame ni shi ne numfashinsa. Yana minshari idan yana barci, yana yi kuma idonsa biyu, wani lokaci ma a zaune yake barci ya ɗora haɓarsa a kan matakala, kuma yakan dawo da farin kumfa jim kaɗan bayan ya ci abinci. Maigidan ya sha gaya mini cewa haka jinsinsu yake, don haka ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba, sai ranar Asabar da ta wuce da na fita da shi bayan la'asar. Ba mu yi tafiyar minti ashirin ba ya zauna a gefen titi ya ƙi motsi, yana wani irin gurnani kamar ana zarto, harshensa ya fito ya faɗaɗa har ya fara komawa shuɗi-shuɗi. Ruwan leda na saya na kwarara masa, na ɗauko shi a hannu zuwa gida, kuma sai bayan magariba ya dawo hayyacinsa. Ban da wannan, kwana uku ke nan yana ƙanƙance idonsa na hagu yana hawaye, akwai wani tabo ruwan ƙasa a gefen ƙwayar idon ta wajen hanci, sannan ninkin fatar da ke saman hancinsa yana wari.

Tambayoyina su ne: shin wannan minsharin halitta ce da ba ta buƙatar komai, ko ciwo ne? Yaya zan yi da shi a wannan bazarar? Zan iya tafiya da shi Kano a mota a watan Afrilu? Akwai kuma maƙwabcina da ke ta matsa mini in ba shi aron karen ya haɗa da wata karya irinsa da ya gani a Gwarimpa, wai 'ya'yan suna da tsada, mu raba kuɗin.

Dakta Mai Dabbobi ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya. Zan fara da abin da ya fi nauyi: ranar Asabar ɗin nan karenka ya leƙa lahira ya dawo, domin harshen da ya koma shuɗi alama ce ta cewa iskar da ke isa cikin jini ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma ruwan da ka kwarara masa mai yiwuwa shi ne ya cece shi.

Maganar maigidanka cewa haka jinsinsu yake tana da gaskiya ta fuskar yawan masu yin hakan, amma yawan masu ciwo ba ya mayar da ciwo lafiya. Masu kiwo sun daɗe suna zaɓen waɗanda suka fi gajeren hanci suna haɗa su, har ƙashin fuskar ya taƙaice, alhali naman da ke ciki, wato harshe da ganda da fatar cikin hanci, bai ragu daidai da ƙashin ba. Ka ɗauka an kwaso kayan ɗakin amarya da aka saya don ciki da falo an cusa su a shago ɗaya: komai yana nan, hanyar wucewa ce ta toshe. Ƙofofin hancin sukan tsuke har su zama kamar tsagar reza, tattausan naman ƙarshen ganda yakan yi tsawo da kauri ya riƙa lilo a bakin maƙogwaro, shi ne yake kaɗawa ya ba da ƙarar da kake ji, a wasu kuma bututun da ke kai iska huhu shi ma siriri ne. Kare mai irin wannan halitta da ƙarfi yake zuƙo kowane numfashi, kuma wannan zuƙar ta yau da gobe takan kumbura naman maƙogwaro, ta raunana guringuntsinsa har ya fara rufta wa hanyar iska, shi ya sa ciwon ke ƙaruwa da shekaru maimakon ya tsaya inda yake. Ita ce kuma ke janyo ruwan ciki ya hauro sama, wanda ke bayyana a matsayin farin kumfan da kake gani. Barcin zaune da ɗora haɓa a kan matakala dabara ce da ya koya wa kansa don ya miƙar da wuya iska ta samu hanya. Wasunsu har da abin wasa a baki suke barci don kada bakin ya rufe.

Dalilin da ya sa zafi ke kashe su da sauri yana da alaƙa da wannan hancin. Kare ba ya gumi kamar mutum sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, haki ne hanyarsa ta fitar da zafi, kuma yawancin sanyayawar tana faruwa ne yayin da iska ke ratsa damshin lungunan cikin dogon hanci. Shi naka waɗannan lungunan a cunkushe suke, saboda haka idan ya ji zafi sai ya ƙara haki, hakin ya ƙara kumbura maƙogwaro, aikin numfashin da kansa ya ƙara masa zafin jiki, abu ya yi ta zagayawa har ya faɗi. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, idan kuma ya haura 41 ƙoda da hanji da ƙwaƙwalwa sukan fara lalacewa, jini ma ya daina daskarewa yadda ya kamata. Kada ka ɗauka da saukar damina an huta, domin iska mai damshi ba ta ɗauke zafi daga haki yadda busasshiya take yi.

Ga abin da nake so ka yi daga yau. Kada ya sake fita sai bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, ko bayan isha'i, minti goma zuwa sha biyar a hankali, kuma ka fara ɗora bayan hannunka a kan kwalta, idan ba za ka iya jurewa ba to tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Ka cire masa abin wuya, ka sayo irin ɗamarar da ake zagayawa ta ƙirji da kafaɗu a ɗaura igiya a baya, domin duk jan da aka yi a wuya yana matse hanyar da dama a matse take, yana kuma ƙara wa idanu matsi. Barandar da ke ƙarƙashin kwano tanderu ce da rana, sai ka nema masa wuri mafi sanyi a gidan, mai tayil ko siminti, inda iska ke ratsawa, da ruwan sha a kwano biyu saboda ko ɗaya ya kife. Fanka mai caji za ta yi maka amfani fiye da duk wani abin da za ka saya masa da kuɗin wannan watan. Idan abin ranar Asabar ya maimaita kansa, ka kai shi inuwa, ka yi ta kwarara masa ruwan sanyi a jiki duka, musamman ciki da hammata da cinyoyi, ana yi masa fifita, kada ka ɗura masa ruwa a baki, kuma sai ka fara sanyaya shi sannan ka kama hanyar asibiti. Ko ya miƙe ya warware ka kai shi, saboda illar da zafi ke yi wa ƙoda takan ɓoye kwana ɗaya ko biyu kafin ta bayyana.

Idon nan kuwa kada ya kai jibi ba a duba shi ba. Ramin idon Pug ba shi da zurfi, ƙwayar a waje take, fatar idon wasunsu ba ta rufe ta gaba ɗaya ko a barci, ga gashin ninkin hanci yana gogar ta, ga ƙura. Tabon ruwan ƙasa da ka gani launi ne da ke taruwa a saman ƙwayar sakamakon doguwar gogayya ko bushewar ido, kuma idan aka bar shi yana yaɗuwa har ya tare gani. Amma ƙanƙancewa da hawaye na kwana uku alamar zafi ce, kuma abin da ake tsoro shi ne gyambo a saman ƙwayar, wanda a irin waɗannan karnuka yana iya zurfafa ya huda ido cikin 'yan kwanaki. Likita zai ɗiga wani ruwa mai launi da ke nuna gyambon nan take, ya kuma auna yawan hawayen. Ina roƙonka kada ka sayo maganin ɗigawa na mutane a kemis, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin rage kumburi wanda idan ya haɗu da gyambo sai ya hana shi warkewa ya ƙara rarake shi.

Idan kun je, ka nemi a saurari maƙogwaronsa kafin ɗan tattaki da bayansa, a kuma dubi ƙofofin hancin. Akwai tiyatar da ake faɗaɗa hanci a rage tsawon gandar, tana kawo sauƙi sosai ga da yawa, ko da yake ba ta mayar da su kamar sauran karnuka, kuma haɗarinta yana wajen sa barci da farfaɗowa, don haka sai wurin da ke da iskar oksijin da wanda ya saba yin ta. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin wuraren da za ka iya tuntuɓa idan likitanku ya ga akwai buƙata.

Maman Biyu ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari, Baban Hanifa. Dakta ya gama magana a kan lafiya, ni zan ɗan taɓa halinsu da hidimarsu ta yau da kullum, domin a nan Ingila aikin kula da tsofaffi nake yi, kuma na shekara biyar ina zuwa gidan wata dattijuwa mai irin waɗannan karnuka guda biyu, har hidimarsu ta dawo wuyana.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne ba a yi wannan kare don gadi ko farauta ba, don zama kusa da mutum aka yi shi. Asalinsa ƙasar Sin ne, inda ake kiwon irinsa a fadar sarakuna, daga can 'yan kasuwa suka kawo shi Turai a ƙarni na 16, ya samu shiga a gidan sarautar Holan, daga baya Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta tara su da yawa. Wannan tarihin yana nan a halinsa har yau: duk inda ka sa ƙafa yana biye da kai, idan ka zauna sai ya jingina da ƙafarka, idan kuma aka bar shi shi kaɗai tsawon yini yakan shiga damuwa ya yi ta kuka ko ya ƙi cin abinci. Kada ka manta cewa wata biyu kacal ke nan da ya rabu da wanda ya raine shi, don haka zaman yaranka kusa da shi alheri ne gare shi. Ba shi da faɗa, yana da haƙuri da yara, ɓarawo ma da rawar wutsiya zai tarbe shi, sai dai a koya wa yara kada su ɗaga shi ta fatar ƙeya ko su matse masa wuya, saboda ƙwayar idonsu tana iya fitowa daga raminta da ɗan matsi ko duka. Yana da taurin kai wajen koyo, tsawa kuma ba ta yi masa komai sai tsoratarwa, amma da ɗan abin tauna a hannu babu abin da ba zai koya ba.

Wannan kwaɗayin shi ne babbar matsalarsa. Pug ba ya taɓa nuna ya ƙoshi, kuma idanun nan idan ya kafa wa yaro su, yaron ba zai iya hana shi lomarsa ba. Nauyin da aka ƙayyade wa jinsin shi ne kilo 6.3 zuwa 8.1, ka ga naka ya ɗora kusan kilo uku a kai, wanda a jikin ɗan ƙaramin abu kaya ne mai yawa, kuma kitsen a wuya da ƙirji yake taruwa, daidai inda ba a so. Ɗaya daga cikin na dattijuwar nan haka yake lokacin da na fara zuwa, da muka rage masa kilo biyu cikin wata shida, minsharin bai tafi ba, amma ya daina tsayawa hutu a tsakiyar matakala.

Ninkin hancin da ke wari kullum nake goge musu shi da auduga mai ɗan damshi, in buɗe ninkin a hankali in share har ƙasansa, sannan in bi da busasshiya, domin barin damshi a ciki shi ne ke haifar da warin da jan fata. Idan ya riga ya yi ja ko yana tsattsafo da ruwa sai likita ya ba da abin shafawa. Haka ake duba ƙarƙashin nannaɗen wutsiya da cikin kunnuwa. Gashi kuwa ka shirya masa, masu ruwan ƙasa sun fi baƙaƙe zubarwa saboda gashinsu rufi biyu ne, kuma shekara duka suke yi, sai ana bin su da buroshi sau biyu ko uku a mako a waje. Haƙoransu 42 ne kamar na kowane kare, amma a ɗan guntun muƙamuƙi, shi ya sa suke hawa kan juna abinci yana maƙalewa, kuma akwai man goge baki na karnuka daban, ba a amfani da na mutane. Farcensa ma sai ana yankewa tunda ba ya tafiyar da za ta cinye shi. Kada kuma a bar shi kusa da rijiya ko babban baho cike da ruwa, domin ba su iya iyo sosai ba.

A nan an daina ɗaukar minsharinsu abin dariya, aƙalla a wurin likitoci. A 2022 Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan ta fitar da bincike inda ta kwatanta Pug 4,308 da wasu karnuka 21,835, ta gano cewa yiwuwar samun toshewar hanyar numfashi a wurinsu ta ninka ta sauran kusan sau 54, gyambon ido sau 13, ciwon ninkin fata kusan sau 11, ƙiba kuma fiye da sau 3, ko da yake binciken ya nuna sun fi sauran ƙarancin faɗa da cizo. Tun 2019 Jami'ar Kambirij da ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Kennel Club suka fito da gwajin da ake sa kare sassarfa ta minti uku a saurari numfashinsa a ba shi mataki daga 0 zuwa 3, kuma wanda ya faɗa mataki na 3 ba a son a haifi 'ya'ya daga gare shi. A Holan ma tun 2019 hukuma ta fara aiwatar da dokar da ta hana haɗa karen da tsawon hancinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsawon ƙoƙon kansa ba. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne zanen da wani mai zane ɗan Ingila, William Hogarth, ya yi na kansa da karensa a 1745, wanda ke gidan zane na Tate a Landan: Pug ne, amma da hancinsa a fili da dogayen ƙafafu, har ba za ka ce kakan waɗannan ba ne.

Tsohon Mafarauci ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni dai na fi shekara arba'in ina tare da karnuka a ƙasar Bauci, kuma karen da na sani shi ne wanda zai bi ka daji tun hantsi har yamma a tsakiyar bazara, ya sha ruwan kududdufi, ya dawo ya ci ƙanzo ya kwanta a gindin bishiya. Da na karanta bayanin Dakta sai tausayi ya kama ni, domin a ganina mutane ne suka ɗora wa wannan dabba lalurar da ba ta roƙa ba, don kawai fuskarta ta ba su sha'awa. Mu mun taso a kan cewa don farauta ko gadi ko kiwo ake ajiye kare, hukuncin ajiye shi don wani abu daban kuma na malamai ne, amma kai yanzu amana ce a hannunka, kuma kowa ya san hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa.

Abin da zan ƙara maka, ɗana, shi ne abin da ke ƙasa, wanda kare mai kwana a gidan sanyi bai saba da shi ba. Kaska tana nan a kowace unguwa da ke da karnuka, tana ɓuya a tsagar bango, kuma wurin da take so a jikinsa shi ne cikin kunne da tsakanin yatsu da wuya, sai ka riƙa laluba shi kowace yamma. Idan ka ga ya yi sanyi, ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi duhu, to zazzaɓin kaska ne, kada ka jira. Akwai kuma ƙudan nan da ke yin ƙwai a ƙasa mai damshin fitsari ko a tsumman da aka shanya a ƙasa, tsutsarsa ta shiga fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, saboda haka shimfiɗarsa a kan igiya za a shanya ta, a kuma goge ta da dutsen guga. Kada ka bar shi ya yi cuɗanya da karnukan unguwa, cizo ɗaya a fuska ya ishe shi, ga kuma haukan kare.

Mu idan kaska ta yi wa kare yawa, ɗan maganin wankan shanu muke tsarmawa a ruwa mu yi masa wanka, wasu kuma suna sa tafarnuwa a abinci saboda tsutsar ciki. Idan zafi ya buge shi kuma buhu muke jiƙawa mu lulluɓe shi. Ban sani ba ko wannan ɗan gatan zai ɗauki irin namu.

Baban Hanifa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Dakta, da ke Hajiya, da kai Baba, Allah ya ƙara girma. Da safen nan na kai shi asibiti, kuma kamar yadda Dakta ya faɗa, da aka ɗiga ruwan sai wani ɗan wuri ya yi kore a saman ƙwayar. Likitar ta ce gyambo ne amma bai yi zurfi ba, ta ba da maganin ɗigawa, ta sa masa wata roba mai kama da mazurari a wuya don kada ya sosa, ta ce mu koma bayan kwana uku. Ta kuma ɗebi jini saboda ƙoda. Na sayo ɗamarar ƙirjin, na mayar da shi lungun da ke kusa da randa, na kuma tara yara na yi musu bayani, ko da yake ƙaramar ta yi kuka wai za a kashe shi da yunwa. Saura batun yawan abincin da zan ba shi, da tafiyar Kano, da amsar da zan ba maƙwabcina, sannan ina so in ji ra'ayin Dakta a kan dabarun da Baba ya kawo.

Dakta Mai Dabbobi ya rubuta:

Madalla da wannan labari. Ka kula robar wuyan ta zama sakwa-sakwa yadda yatsu biyu za su shiga, kuma kada ka fasa komawar ko da ka ga idon ya buɗe.

Baba, Allah ya ja kwana, abin da ka faɗa a kan kaska da ƙudan tsutsa daidai ne, ban da abin da zan ƙara, amma dabarun nan uku ina roƙon a bar su. Maganin wankan shanu an auna shi ne don dabba mai ɗaruruwan kilo, kuma kuskure kaɗan wajen tsarmawa yana sa kare dalalar da miyau da karkarwa da shaƙewa, balle wanda numfashinsa dama da ƙyar ne. Akwai ƙwayoyi da magungunan ɗigawa a ƙeya da aka yi don karnuka bisa nauyinsu. Tafarnuwa da albasa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe, wanda ke nufin miyar gidanku ma ba tasa ba ce. A haɗa da inabi da zabibi da cakulan da goro da dafaffen ƙashin kaza, haka kuma kada a ba shi farasitamol ko wani maganin ciwon jiki na mutane. Jiƙaƙƙen buhu kuwa da zarar ya ɗumama sai ya zama bargo ya riƙe zafin, kwarara ruwa da fifita sun fi shi nesa ba kusa ba. Maganin tsutsar ciki duk wata uku, allurar haukan kare da ta sauran cututtuka kuma ka duba katinsa ka ga ranar da ta ƙare.

Game da abinci, ka duba jadawalin da ke bayan buhun ka ɗauki adadin da aka rubuta wa kare mai kilo 8, wato nauyin da muke so ya koma, ka auna shi a sikelin kicin maimakon kimantawa da ido, ka raba shi gida uku a yini, domin ƙananan ciyarwa suna rage dawo da kumfan. Abin da yara za su ba shi a ciro shi daga cikin wannan adadin, ta haka ƙaramar ba za ta rasa abin miƙa masa ba, ɗan karas ko kokwamba ma ba laifi. Ka auna shi duk mako biyu, ragin da ake so kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na nauyinsa ne a mako, kuma alamar an kai ita ce ka ji haƙarƙarinsa da ɗan shafawa, ka kuma ga ƙugunsa ya shiga idan ka dube shi ta sama.

Tafiyar Kano a Afrilu ban goyi bayanta ba. Zafin Kano a wannan watan yakan kai digiri 40, tafiyar ta sa'o'i ce masu yawa, kuma cunkoso ɗaya ko lalacewar na'urar sanyaya mota ya isa ya jawo abin da ba a so. Kamfanin jirgin da ya ƙi ɗaukarsa yana da hujja, domin alƙaluman da ma'aikatar sufuri ta Amurka ta fitar a 2010 sun nuna cewa cikin karnuka 122 da suka mutu a ɗakin kayan jirage a shekara biyar, kusan rabi masu gajeren hanci ne. Ka bar shi a hannun wanda ya san shi, ka rubuta masa ƙa'idojin nan a takarda tare da lambar likitarku.

Maƙwabcinka kuma ka gaya masa a'a, da hujja biyu. Ta farko, karen ba naka ba ne da za ka ba da aronsa ba da izinin mai shi ba. Ta biyu, karen da ke minshari a farke, yake barci a zaune, har ya taɓa shiɗewa a tafiyar minti ashirin, shi ne ainihin wanda bai kamata ya haifar ba, saboda siffar da ta jawo masa wannan ita zai gadar. Ga shi kuma karyar Pug takan sha wahalar haihuwa saboda girman kan 'ya'yan har sai an yi mata tiyata, jinsin kuma yana da wasu cututtukan gado da ba a gani da ido, kamar karkacewar ƙashin baya da ke raunana ƙafafun baya, da wani kumburin ƙwaƙwalwa da ke kama masu ƙananan shekaru wanda ba a warkewa daga gare shi. Saboda wannan na ƙarshen, idan ka taɓa ganin ya yi farfaɗiya, ko yana zagaye wuri ɗaya, ko yana tafiya yana jan ƙafar baya, ka ɗauki bidiyonsa a waya ka kai wa likitar a ranar. Ka kuma ɗauki bidiyon barcinsa na daren yau da sautin minsharin ka tura wa maigidanka tare da sakamakon jinin, domin idan likitar ta ce a yi tiyatar hancin, shi ne zai ba da izini ya kuma biya.